Daga Majigi Zuwa Intanet: Tarihin Hoto Mai Motsi a Cikin Aji

Abin da ya jawo na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wata 'yar kunya da na sha sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. An kai ni wata ƙaramar sakandare a bayan gari domin in koyar da Hausa, amma da yake makarantar ba ta da malamin kimiyya a wannan zango, sai shugabanta ya roƙe ni in riƙe wa 'yan aji biyu darasin kafin Allah ya kawo wani. Na karɓa da karambani irin na ɗalibi. Da muka iso kan zazzaɓin cizon sauro, sai na ce a raina ai gani ya kori ji. Na shiga intanet na sauko da wani bidiyo mai kyan gaske wanda aka shirya a Amurka, na aro kwamfuta da na'urar haska hoto a bango, na kuma sayi man janareta da kuɗin aljihuna. Yara fiye da 70 suka yi tsit har minti 12, ba tari ba motsi, abin da ban taɓa samu ba a darasin nahawu. Na fita daga ajin nan ina ganin na gama da sauro har abada.

Kashegari da na yi musu tambayoyi sai ido ya raina fata. Waɗanda suka iya faɗin yadda ƙwayar cutar take barin cikin sauro ta shiga jinin mutum ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wata yarinya ta ce, "Malam, mu dai mun ga wasu jajayen ƙwallaye suna ta fashewa." Wani yaro kuma ya tambaye ni ko irin wannan ƙaton sauro akwai shi a ƙasarmu, ko kuwa sai a Turai.

Da na koma gida hutu na ba kakana labari, sai ya yi dariya har da share hawaye, ya ce, "Kai ja'iri, ai majigi ka yi musu babu mai bayani." Wannan magana ta tsohon ita ta sa na shiga laburare ina bin diddigin yadda hoto mai motsi ya shiga harkar koyarwa tun farko. Abin da na tarar shi ne nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a nan, musamman da yake da yawa daga cikinmu aji za mu koma idan mun gama, kuma za a miƙo mana waɗannan na'urori a ce mu yi aiki da su.

Alkawarin Edison

Tun silima tana jaririya aka fara yi mata kwaɗayin aji. A shekarar 1910 hukumar makarantun birnin Rochester na Amurka ta amince a riƙa nuna finafinai a makarantunta. A 1913 kuwa Thomas Edison, mutumin nan da ya yi suna wajen ƙirƙire-ƙirƙire, wanda kuma yake da kamfanin yin fim, ya gaya wa wani ɗan jarida cewa ba da daɗewa ba za a daina amfani da littattafai a makarantu, domin babu wani fannin ilmi da ba za a iya koyar da shi da hoto mai motsi ba. Har ya ƙayyade cewa cikin shekara 10 tsarin makarantun ƙasar zai sāke baki ɗaya.

Shekara 10 ta cika a 1923, littafi yana nan daram. A shekarar ce ma kamfanin Kodak ya fito da siririn fim mai faɗin milimita 16, wanda ba ya kama wuta da sauƙi kamar na gidan silima, injinsa kuma ana iya ɗauka a kai aji. Wannan ya sa makarantu da yawa suka sayi inji, aka kafa ɗakunan ajiye finafinai ana ba da aro. Amma wani masanin tarihin ilmi, Larry Cuban, wanda ya bi wannan al'amari a littafin da ya fitar a 1986, ya nuna cewa yawancin malamai jefi-jefi suke taɓa injin. Dalilan kuwa ba wasu manya ba ne. Sai an nemi fim tun da wuri, kuma sau da yawa yakan iso bayan an wuce darasin da ake bukatarsa. Sai an rufe tagogi. Sai an iya zarga fim a inji. In ƙwan fitila ya mutu an tashi ke nan. Ya kuma lura da wani abu da yake ta maimaituwa: sabuwar na'ura ta fito, a yi ta ɗoki ana cewa za ta gyara ilmi, a kashe kuɗi a saya, ta yi ƙura a sito, sa'an nan a juyo a ɗora wa malamai laifi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake gamuwa da shi.

Zamanin Majigi

Mu a nan ƙasar, hoto mai koyarwa bai fara shigo mana ta aji ba, ta ƙofar fada ya shigo. A ƙarshen shekarun 1920 wani Bature ma'aikacin kiwon lafiya a Ikko, mai suna William Sellers, ya fara amfani da fim domin nuna wa jama'a yadda ɓeraye suke yaɗa annoba. Daga baya ya sami mota mai ɗauke da injin wuta da injin haska hoto, ana yawo da ita gari-gari. A 1939, shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ingila ta kafa sashe na musamman mai shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora Sellers a kansa, sashen kuma ya yi aiki har 1955. Kafin nan Nijeriya ta sami nata sashen, Jihar Arewa ma ta zo ta kafa nata a Kaduna. Wannan shi ne abin da Hausawa suka sa wa suna majigi, kalmar da masana suka ce ta samo asali daga sunan da Turawa suke kiran wata tsohuwar fitila mai haska hoto a bango, watau fitilar sihiri.

Kakana ya ga majigi yana yaro a shekarun 1950, kuma ga yadda ya siffanta mini shi. Tun da hantsi sankira zai zaga gari yana shela. Da la'asar mota ta iso ƙofar gidan hakimi, a kafa farin ƙyalle, a ɗaura lasifika. Bayan sallar isha'i gari ya hallara, yara a gaba a ƙasa, manya a baya, hakimi da mutanensa a kan kujeru. A fara da labarun ƙasa, a ga Sarauniya ko Sardauna suna buɗe wani aiki, sa'an nan a shiga abin da aka zo dominsa: lambar agana, haƙa masai, tace ruwan sha, zuba takin zamani, yaƙi da jahilci. A cikin irin waɗannan finafinai ne aka yi Baban Larai, wanda aka shirya domin jawo hankalin manoma ga sabuwar hanyar noma, kuma har yau tsofaffi suna ambatonsa.

To, abin da ya fi zama a ran kakana shi ne mutumin da yake riƙe da abin magana a gefen mota. Yawancin finafinan ko dai ba su da murya, ko kuwa muryar ta Ingilishi ce, sai a rage ta, mai bayani ya ɗauka da Hausa. Shi ne zai ce wa jama'a su dubi hannun matar nan, shi ne zai raɗa wa mutanen cikin hoton sunaye irin namu, ya yi wa malalaci ba'a gari ya kwashe da dariya, in an gama kuma ya tsaya ya amsa tambaya. In aka yi sa'ar gwani, sai a yi mako ana zancen a kasuwa. In aka haɗu da mai sanyin baki, sai yara su yi ta kallon ƙwari suna zagaya hasken inji. Su kansu Turawan sun san haka, har sukan damu da cewa masu bayani suna barin takardar da aka rubuta musu suna faɗin nasu.

Akwai wani ra'ayi na Sellers da ya kamata in ambata, domin ya shafi abin da ya same ni. Shi a ganinsa mutumin Afirka wanda bai yi boko ba ba ya iya fahimtar dabarun kyamara, saboda haka ya kafa dokoki cewa a riƙa yin fim a hankali, kada a yawaita tsalle daga wuri zuwa wuri, kada a cika hoto da abubuwa. Turawan wannan zamani suna da wani labari da suke yawan bayarwa, wai an nuna wa mutanen ƙauye sauro an ƙara masa girma ya cika ƙyalle, sai suka ce ai su nasu sauron ƙanana ne, ba abin damuwa. Da wannan suke kafa hujja cewa idon baƙar fata ne bai waye ba. Amma ga yarana na aji biyu, waɗanda suka tashi cikin finafinan Indiya da na Kano, babu dabarar kyamarar da take ɓoye musu, duk da haka ɗayansu ya yi mini tambaya irin ta mutanen ƙauyen can. Ashe ko wane ne aka nuna wa abin da bai taɓa gani ba, cikin harshen da ba ya ji sosai, ba a kuma gaya masa an ƙara wa abin girma ba, irin tambayar da zai yi ke nan.

Akwatin Talabijin Ya Shiga Aji

Bayan yaƙi sai talabijin ta karɓi alkawarin da Edison ya yi wa silima. Amurka tana fama da ƙarancin malamai a lokacin, sai aka ce ai gwanin malami guda yana iya koyar da dubban yara a lokaci ɗaya. A 1956 aka haɗa makarantun yankin Hagerstown na jihar Maryland da waya, ana aika musu darussa daga ɗakin shiri guda, da taimakon kuɗin Gidauniyar Ford. Daga 1961 zuwa 1968 har jirgin sama aka riƙa tayarwa yana shawagi a sararin jihar Indiana yana watsa darussa zuwa makarantun jihohin da ke kewaye, domin daga sama saƙon ya fi nisa. A 1964 kuma gwamnan tsibiran Samowa da ke ƙarƙashin Amurka, H. Rex Lee, ya mai da talabijin ginshiƙin karatun firamare baki ɗaya. Ana shirya darussa da Ingilishi a wuri guda, malaman ƙasar kuwa aikinsu ya koma bin takardar umurni kafin shiri da bayansa. Shugaba Johnson da kansa ya je ya gani a 1966 ya yaba. Amma malamai da manyan ɗalibai suka gaji da zama 'yan kallo, kuma a cikin shekarun 1970 aka yi ta rage shirin har ya zama ɗan taimako kawai.

Nijeriya ba a bar ta a baya ba. A ranar 31 ga Oktoba 1959 aka buɗe gidan talabijin na Jihar Yamma a Ibadan, kuma babbar hujjar da gwamnatin Awolowo ta bayar ta kashe wannan kuɗi ita ce ilmantarwa. A 1962 Jihar Arewa ta buɗe nata a Kaduna, aka kuma riƙa watsa darussa domin makarantu. Sai dai wahalar a bayyane take. Saƙon talabijin ba ya wuce manyan garuruwa kaɗan, wutar lantarki ba ta kai yawancin makarantu ba, akwati in ya lalace sai an jira mai gyara da kayan gyara daga nesa. Daɗin daɗawa, gidan talabijin yana da lokacinsa, makaranta tana da nata jadawalin. In an watsa darasin lissafi ƙarfe 10 alhali ajin yana filin wasa, ya wuce ke nan, ba a maido shi.

Darasi Daga Maƙwabta

Gwajin da ya fi ba ni sha'awa a duk abin da na karanta a Jamhuriyar Nijar aka yi shi. Ƙasar ta sami mulkin kai a 1960 da 'yan makaranta ƙalilan da malamai ƙalilan. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara shirin koyar da 'yan firamare ta talabijin a Yamai, tun ma ƙasar ba ta da gidan talabijin na jama'a. Bayan shekara biyu shirin ya kai ajujuwa 20 da 'yan kai, da yara wajen 800 a kewayen birnin. Darussan gajeru ne, ana sa wasan kwaikwayo da zane da 'yar tsana a ciki, kuma a kowane aji akwai mai kula, saurayi wanda iliminsa bai wuce na firamare ba, aka ba shi horo na 'yan watanni. Da an kashe akwati sai ya ɗauka, ya sa yara su maimaita, su kwaikwaya, su yi tambaya. Watau dai mai bayanin majigi ne aka shigo da shi aji. Masu bincike da suka ziyarta sun yaba da yadda yaran suke sakin baki da Faransanci da kuma yadda ba sa gudun makaranta. A nan ne kuma, tun a ƙarshen shekarun 1960, aka gwada kunna akwatin talabijin na makaranta da hasken rana.

Duk da wannan nasara shirin bai game ƙasa ba. Kuɗin da ƙwararrun na Faransa ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Kafin ƙarshen shekarun 1970 an naɗe shi, kayan aikinsa suka zama harsashin gidan talabijin na ƙasa. Akwai kuma abin da ba a taɓa ba: yaran da Zabarmanci ko Hausa suke tashi a gida, akwatin kuwa Faransanci yake yi. Abin mamaki, a shekarar 1964 ɗin nan ce wani ɗan ƙasar, Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa yanzu, ya fitar da littafinsa a kan ilmi a Afirka, inda ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu.

Kwaddibuwa ta ɗauki abin da Nijar ta gwada ta faɗaɗa shi. Daga 1971 aka riƙa shirya darussa a Buwake ana watsawa zuwa makarantun firamare na ƙasar, har yara dubu ɗaruruwa suka shiga, ana kai wa makarantun ƙauye manyan batura a mota. Iyaye da malaman sakandare suka tayar da ƙara cewa yaran talabijin sun iya surutu amma ba su iya rubutu ba, kuɗin kuma ya yi wa gwamnati nauyi. A 1982 aka rufe shirin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kada mai karatu ya ɗauka ko'ina faɗuwa aka yi. A 1968 ƙasar Meziko ta buɗe ƙananan sakandare na talabijin domin ƙauyukan da ba za su sami malamin kowane fanni ba, kuma har yanzu suna nan da ɗalibai fiye da miliyan 1. Tsarinsu shi ne ɗan gajeren shiri, sa'an nan malami guda mai riƙe da ajin ya ci gaba da darasin tare da littafin da aka rubuta musamman domin shirin. Harshen akwatin shi ne harshen yawancin yaran, gwamnatin ƙasar ce take biya, kuma ba a taɓa cewa a sallami malami ba.

Kaset, Sa'an Nan Intanet

Babbar cutar talabijin, watau rashin jiran kowa, kaset ɗin bidiyo ne ya fara maganinta. Da kamfanonin Japan suka fito da shi a 1975 da 1976, sai malami ya sami ikon tsayar da hoto, ya mai da shi baya, ya nuna shi ranar da ya ga dama. Mu a nan mun san abin da kaset ya haifar: a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan sana'ar finafinan Hausa ta kafu. Abin lura shi ne kasuwa ta rungumi kaset da Hausa cikin 'yan shekaru, amma makaranta ba ta yi ba.

A 2005 aka buɗe YouTube, inda kowa yake iya ɗora bidiyonsa kyauta. A 2006 wani Ba'amurke mai suna Salman Khan, wanda ya fara da koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa, ya shiga ɗora gajerun darussa a can. Ba a ganin fuskarsa, sai baƙin allo da rubutu da murya. Shi da kansa ya ba da labari cewa 'yan'uwan nasa sun ce sun fi son sa a bidiyo, domin suna iya tsayar da shi su maimaita ba tare da jin kunya ba. Daga wannan ne Khan Academy ta fito a 2008. A 2007 kuma wasu malaman kimiyya biyu a jihar Kolorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka fara ɗaukar darussansu domin ɗaliban da suka rasa aji, daga baya suka juya tsarin gaba ɗaya: a kalli bayani a gida, a zo aji a yi aikin tare da malami. A 2012 aka buɗe TED-Ed mai gajerun darussa na zane, a shekarar kuma Coursera da edX suka fara ɗora darussan manyan jami'o'i, har aka yi ta cewa kwanan jami'a ya ƙare. Mutane dubbai suka yi rajista, amma waɗanda suke kaiwa ƙarshen kwas 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Kayan aikin da malami yake da su yanzu sun fi na kowane zamani. Da irin su Edpuzzle yana iya yanke bidiyo ya dasa tambaya a tsakiya, hoton ba zai ci gaba ba sai yaro ya amsa. Da Google Classroom, wanda ya fito a 2014, yana iya raba wa aji bidiyo ya karɓi aikinsu. Inda babu intanet kuma akwai irin su Kolibri, wanda ake zuba darussa a cikin kwamfuta guda, sauran na'urorin makaranta su ɗauka daga gare ta. Ko wayar hannu kaɗai ta isa malami ya ɗauki darasinsa ya tura ta WhatsApp.

Bincike biyu sun taimake ni na gane kuskurena. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa suka duba kallo miliyan 6.9 da aka yi wa bidiyoyin edX, suka tarar hankalin mai kallo yakan fara janyewa bayan kamar minti 6, kome tsawon bidiyon. Nawa kuwa minti 12 ne, ban tsayar ko sau ɗaya ba. Na biyu, Derek Muller, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sidni ta Ostareliya wanda ya kammala a 2008, ya tarar cewa bidiyon kimiyya mai santsin bayani yakan sa ɗalibi ya ji ya gane alhali bai ƙaru da kome ba, yana nan a kan tsohon zatonsa. Wanda ya fi amfani shi ne wanda ya fara da kawo kuskuren da mutane suka saba yi, sa'an nan ya warware shi, ko da yake ɗalibai sukan ce ya fi rikitarwa. Tsit ɗin da yarana suka yi, wanda na ɗauka fahimta ce, jin daɗin kallo ne kurum.

Jarrabawar 2020

Annobar korona ta gwada duk waɗannan kaya a lokaci guda. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a Nijeriya kamar sauran ƙasashe, kuma UNESCO ta ƙiyasta cewa rufewar ta shafi ɗalibai wajen biliyan 1.6 a duniya. Masu hali suka koma Zoom da YouTube. A watan Agusta na shekarar UNICEF ta ba da rahoto cewa aƙalla yara miliyan 463 babu wata hanyar karatu daga nesa da ta kai gare su. Jihohinmu da yawa rediyo da talabijin suka koma wa, watau kayan zamanin Sardauna. Ko a gidajen da suke da waya da kuɗin data, an ga bambanci tsakanin yaron da yake da wa ko uwa mai zama kusa da shi tana tambayarsa abin da ya gani, da wanda aka miƙa wa waya aka tafi. A 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, ta buɗe wani dandalin darussa na intanet domin 'yan makarantun Nijeriya. Ko zai daɗe kamar na Meziko ko zai bi sawun na Buwake, wannan ya rataya ne a kan waɗancan tsofaffin tambayoyi.

Kammalawa

Tambayoyin kuwa guda uku ne, kuma tun daga motar Sellers har zuwa wayar da ke aljihuna ba su sāke ba. Wa zai tsaya kusa da hoton ya yi bayani? Da wane harshe hoton yake magana? Wa zai sayi mai, ya gyara inji, ranar da mai ba da taimako ya koma gida? Duk inda aka amsa su shiri ya rayu, inda aka tsallake su kuwa an bar akwatuna suna ƙura a ofishin hedimasta.

Kafin in bar makarantar nan na sake gwada bidiyon sauro. Na kashe muryar Baturen, na raba shi gida uku. Kafin in kunna na tambayi yara me suke jin yana kawo zazzaɓi. Wasu suka ce shiga rana, wasu suka ce sabon ruwan damina, wasu ɗanyen mangwaro, na rubuta duka a allo. Na kawo mataccen sauro a kan farar takarda aka zaga da shi, na ce musu shi ne za su gani an ƙara masa girma. Ina nunawa ina bayani da Hausa, ina tsayarwa ina tambaya. Yarinyar nan mai jajayen ƙwallaye ita ce ta tashi ta gaya wa aji cewa ƙwayoyin jini ne cutar take shiga ta hayayyafa har su fashe, shi ya sa mai zazzaɓi yake ɗashewa. Ban ce duka suka gane ba, amma hannuwan da suka tashi a ranar sun fi ƙarfin yatsuna.

A nan ne nake ganin aiki ya faɗo kan wannan ƙungiya tamu. Wanda duk ya nemi darasin kimiyya ko lissafi ko labarin ƙasa da Hausa a intanet ya san yadda yake wahalar samu, in aka kwatanta da waƙa da wasan dariya. Hatta darussanmu na Hausa, kamar karin sauti, da gaɓar kalma, da yadda ake furta ɓ da ɗ da ƙ, abubuwa ne da kunne da ido suka fi takarda iya koyar da su. Muna da waya, muna da allo, muna da malaman da suka san kalmomin fannu, muna kuma da 'yan'uwa a sashen kimiyya da na likitanci waɗanda za su duba mana gaskiyar abin da muka faɗa. Shawarata ita ce kowane zango ƙungiya ta zaɓi darussa kaɗan daga manhajar ƙaramar sakandare, a yi wa kowanne bidiyon da bai wuce minti 6 ba, a haɗa shi da 'yar takarda mai gaya wa malami inda zai tsayar da abin da zai tambaya, sa'an nan masu zuwa gwajin koyarwa su tafi da su su dawo mana da labarin yadda yara suka karɓa. Na gaya wa kakana wannan shawara, ya ce in mun yi na farko in kawo masa ya gani, shi zai faɗa mini ko mun kai mai bayanin garinsu. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.